Barci Tukuna, Magana Daga Baya

Bayan nasarar da Ubangiji ya ba annabi Iliya a Dutsen Karmel, barazanar Yezebel ta kore shi zuwa jeji, inda ya karai har ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19). Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya kawo masa abinci da ruwa, ya sake kwantawa. Sai daga baya, a Horeb, Ubangiji ya yi magana da shi.

Binciken da aka yi a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka a 2007 ya nuna cewa in mutum ya kwana bai runtsa ba, sashen ƙwaƙwalwa mai tayar da tsoro da fushi yakan tsananta aikinsa da kusan kashi 60 cikin ɗari, sashen da ke riƙe masa linzami kuma ya sassauta.

Saboda haka kada mata da miji su yanke wa juna hukunci cikin gajiyar dare. Babban mutum yana bukatar barcin aƙalla awa 7. Wanda rashin barci ya daɗe yana damunsa, ya haɗa addu'a da ganin likita, gama wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne.