Wa Ya Ci Wasan: Hannu, Sa'a ko Aljihu?

Akwai wani shagon buga gem a Sharaɗa da nake tsayawa in na taso daga aiki. Bayan magariba, samarin da suka fito daga masana'antun roba ne ke cika bencin. Dokar wurin ɗaya ce: wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasa. Shi ya sa gardama ke tashi tun kafin a take leda, wajen zaɓen ƙungiya.

In aka ce kowa ya ɗauki wadda yake so, mai saurin hannu zai cafke Real Madrid, ɗayan ya yi ta ƙorafi. In aka ce na'ura ta zaɓa musu, gwani na iya faɗawa kan ƙungiya mai rauni, ɗan koyo ya lallasa shi. A tsarin Ultimate Team kuma, wanda kamfanin EA ya shigo da shi a 2009, kana sayen ƙunshin 'yan wasa ba tare da ka san wa ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan ƙunshi caca ne, kuma a Janairun 2019 EA ya daina sayar da makin sayensa a ƙasar.

Aikina rubuta manhaja ne, don haka na san babu dokar da ta faɗo daga sama. Wani ne ya zauna ya yanke kason da zai ba ƙwarewa, da na sa'a, da na kuɗi. Sa'a ba laifi ba ce. Ita ke sa ƙaramin yaro ya sake riƙe fad bayan an ci shi sau biyar. Laifin shi ne a ɓoye ta, wanda ya ci ya riƙa bugun ƙirji kamar hannunsa kaɗai ya yi aikin.

Haka abin yake a wajen shago. Ma'aikata biyu a Bompai ko Challawa, ɗaya a kan sabon inji, ɗaya a kan tsohon da ke tsayawa kullum. In da yawan kayan da suka fitar kawai za a auna su, injin aka auna, ba mutanen ba.

Mai shagon ne ya kashe gardamar, bayan wata rana an kusa ba hammata iska. Ya ce: “Malamai, wasa biyu za ku yi. In an gama na farko ku yi musayar ƙungiya, a haɗa ƙwallaye.” Dabarar iyayenmu ce wajen rabon nama: wanda ya raba shi ne ƙarshen ɗauka.

Tun daga ranar, ba mai rige-rigen ɗaukar babbar ƙungiya, don ya san za ta dawo ta fuskance shi. Ni ma an ci ni a daren, gida da waje. Na biya, ban samu abin da zan ɗora wa laifi ba.