KACIYAR BABBAN MUTUM DA MAN KASHE ZAFI



Tambaya ce da take yawan zuwa min daga 'yan'uwa da suka musulunta da girmansu: "Malam, ya halatta in shafa man nan mai kashe zafi kafin a yi min kaciya, ko zai rage min lada?"

Ya halatta, kuma ba ya rage komai. Abin da shari'a ta nema shi ne cire loɓar saboda tsarki, azabar ba ibada ba ce. Man ba ya gusar da hankali balle a kira shi maye, fata kawai yake kashewa. Cije haƙora a gaban wanzami don kar a ce kai rago ne al'ada ce tamu. Na'am, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi Ibrahim (AS) ya yi kaciya yana da shekara 80, amma abin koyi a nan gaggawar bin umarnin Allah ne.

Sai dai ga inda nake jin tsoro. Wasu sun ɗauka idan suka sayo man a kemis, shike nan, sai a kira mai aska a shiga ɗaki. A'a wallahi! Irin wannan man, kamar EMLA, yana buƙatar kusan awa ɗaya kafin ya kama, kuma saman fata kaɗai yake kashewa. Babba ba jariri ba ne: fatarsa ta yi kauri, jijiyoyin jininsa sun girma, ga ɗinki. Shi ya sa a asibiti yawanci allura ake yi a gindin gaban, man kuwa a shafa don rage zafin allurar. Wanda ya lafta shi da yawa wai don ya fi kamawa, maganin na iya shiga jininsa ya cutar da shi. Mai ciwon suga, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, su gaya wa likita tun kafin a fara. Mai iyali kuma ya haƙura kamar sati 6 har ya warke. Buɗe al'aura ga likita a nan lalura ce, babu laifi.

Ku kuma masu karɓar shahadar mutane, ku ji tsoron Allah. Mutum ko alwala bai iya ba, kun tare shi da zancen aska. A mazhabar Malikiyya kaciya sunna ce mai ƙarfi. Shafi'iyya da Hanbaliyya ne suka ce wajibi. Ko a cikin malamanmu, game da babban da yake tsoron cutuwa, Sahnun ya ce ya yi, Ibnu Abdil Hakam ya ce a ƙyale shi. Musuluncinsa ya inganta tun ranar da ya yi shahada. A koya masa sallah tukuna, in ya natsu a raka shi asibiti, kuɗin aikin kuma jama'ar masallaci su haɗa masa a asirce, ba sai an yi sanarwa a lasifika ba.

Wallahu a'alam.