Injin Zuciya: Me Iyali Ke Bin Mai Ciwo da Shi?

Akwai ciwon da likitoci ke kira gazawar zuciya. Zuciya ba ta tsaya ba, amma ƙarfinta na tura jini ya ragu, har ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, mutum ya kasa barci sai a jingine. Masu wannan ciwo ba su yankewa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, haka ma a asibitin Jankwano. Idan ciwon ya kai matuƙa har magunguna suka kasa, sai a yi zancen dashen zuciya, wanda Christiaan Barnard ya fara a Afirka ta Kudu a 1967. Amma zukatan da ake samu ba su isar mabukata, ko a ƙasashe masu arziki.

Saboda haka aka ƙera wani ɗan injin turo jini. Likita yakan buɗe ƙirji ya liƙa shi a ɗakin zuciya na hagu, shi kuwa ya riƙa jan jini yana turawa cikin babbar jijiya. Waya takan fito ta fatar ciki zuwa batura da mutum zai rataya a jikinsa. Da fari an yi shi domin ya riƙe mai ciwo kafin a sami zuciyar dashe. Daga baya ya zama abin da wasu ke zama da shi har ƙarshen kwanakinsu.

Lalle injin yana ƙara kwana. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 kan marasa lafiya 129, kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa injin suna raye bayan shekara guda, masu shan magani kaɗai kuwa kashi 25. Sabon samfurinsa, HeartMate 3, ya fi haka: sakamakon 2022 ya nuna kashi 58 cikin ɗari sun kai shekara biyar.

Amma kyautar tana da nauyi. Kafar da waya ta fito takan kamu da ƙwayoyin cuta. Dole a sha maganin hana daskarewar jini kullum, duk da haka akwai haɗarin zubar jini da shanyewar ɓarin jiki. Batura ba su kai yini da kwana ba tare da caji ba, ga kuma bukatar mai jinya na kusa da ƙwararrun da suka san injin. Mazaunin Tudun Wada ko Bukuru ya san yadda wuta ke tafiya ba sallama.

To, ga tambayar. 'Ya'ya sun ji labarin akwai irin wannan inji a ƙasar waje. Wajibi ne su sayar da gida da gonar dankali, su cire ƙanne daga makaranta, domin su saya wa mahaifinsu shi? In sun kasa, sun ci amanarsa ke nan?

Rai kyautar Allah ne, ba wanda ke da ikon wasa da shi. Amma ɗauke ran mutum dabam ne da ƙin karɓar jinyar da nauyinta ya fi ƙarfin mai ciwo da gidansa. Wanda ya ƙi injin bai kashe kansa ba, gama ciwon ne ke ɗaukarsa. Wanda ya karɓa kuma bai yi jayayya da Mahalicci ba. Ba a auna ƙauna da tsadar na'ura.

Abin da ya zama tilas shi ne gaskiya. An saba ɓoye wa mai ciwo halin da yake ciki, wai kada hankalinsa ya tashi, sai dangi su yanke shawara a bakin ƙofar ɗakin asibiti. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibiya. Ƙirjinsa za a buɗe, shi zai kwana da waya a ciki. Ya kamata ya ji amfanin da haɗarin, ya kuma faɗi tun yana cikin hayyacinsa abin da yake so a yi ran da injin zai ci gaba da juyawa alhali sauran jiki ya gaji.

Wani zai ce wannan magana ta'aziyya ce kawai ga talaka, tun da mai kuɗi zai saya ya rayu. Akwai gaskiya a ciki, kuma ya dace ta dami lamirin kowa. Sai dai rashin adalcin ya fara tun kafin a kai ga inji. Wani bincike na 2012 kan marasa lafiya 1,006 a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne sanadin gazawar zuciyar kimanin kashi 45 cikin ɗari. Magidanta ne da iyaye mata masu sauran ƙarfi, waɗanda awon jini da ƙwayar magani ta kullum za su iya karewa.

Don haka hakkin da ke wuyan iyali da jama'a ba ya jiran ranar tiyata. Ɗan da ya kai mahaifiyarsa awon jini, ya tabbata maganinta bai yanke ba, ya sa aka rage gishiri a miya, ya riga ya soma saukewa. In kwanakin ƙarshe suka zo ba inji, sauran hakkin shi ne a faɗa mata gaskiya, a sauƙaƙa mata azaba, kada kuma a bar ta ita kaɗai.