Arahar Da Na Samo A Wudil

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari dai yau in faɗe ta ko zan samu wadda za ta taya ni tunani. Maganar ba ta wuce ta ciniki ba, wato wannan tayin da muke yi kullum a kasuwa ko a ƙofar gida, har mu riƙa yi wa juna alfahari da shi, ki ji mace tana cewa ai ni ba a cutata, sai da na sauko da shi rabin kuɗi. Ni ma cikin masu wannan alfahari nake, ko in ce nake a da.

Abin ya faru ne wata Juma'a cikin watan Fabrairu na 2023. Bikin ƙanwata ya matso, aka ɗora mana ni da Gwaggona sayen kayan gara da ɗan abin da ya rage na jere. Gwaggo ta ce sam ba za mu sayi komai a cikin birni ba, Wudil za mu tafi, tunda ranar Juma'a kasuwarta take ci kuma daga hannun manoma za mu saya. Maigidan ya amince, ya haɗa mu da ƙanensa ya tuƙa mu. Muka bi titin Maiduguri, muka wuce Mariri, tafiyar da ba ta fi kilomita 40 da 'yan kai ba, sai ga mu a Wudil hantsi bai gama dubawa ba.

Wadda ba ta taɓa zuwa ba sai ta zo za ta gane. Can ga kara cike da shanu, ana loda su a manyan motoci za a yi kudu da su. Nan ga 'yan hatsi da buhuna da tiya, ga masu tukwane da randuna, ga kifi, ga kwandunan tumatir da attaruhu na noman rani sun yi jajur a rana. Ta wani gefen kuma ga 'yan gwanjo da masu tsofaffin kaya sun baje a ƙasa, tun daga fitila da tangaran har keken ɗinki. Kasuwa a kai miki dole, in ji masu iya magana.

Sai dai ki tuna wane lokaci ne. Lokacin ne aka canza takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin mutane na gudunsu, sababbin kuma sun yi wuyar gani kamar haƙorin kaza. Mutane na kwana a layin banki, masu POS na yankar abin da suka ga dama. Mutumin ƙauye da ba shi da asusun banki, in ka ce za ka yi masa tiransifa kallonka kawai zai yi. Mu kuwa maigidan ya yi faɗi-tashi ya samo mana sababbin kuɗi naira 60,000, na ƙulle su a cikin jaka. A ranar nan mai tsabar kuɗi a hannu sarki ne, kuma ba mu daɗe da shiga ba muka gane haka. Ko ina muka tsaya Gwaggo sai ta fara cewa, "Kuɗi ne a hannu fa, sababbi," sai ki ga mai kaya ya yi laushi.

Bayan an sauko daga masallaci muka bi ta wajen masu tsofaffin kaya. A nan na ga wata dattijuwa zaune a gefe, ba rumfa ba tabarma, ta shimfiɗa tsohon zane ta jera samira guda shida a kai, manya da ƙanana, kowace da murfinta. Irin samirar nan ta da ce mai nauyi, wadda iyayenmu suke jerawa a kabad, ba irin ta yanzu da ake bugawa ta lotse ba. Ko ƙwarzane babu. Da gani kin san ba a taɓa zuba musu miya ba, kayan jere ne.

Na ce, "Inna, nawa?"

Ta ce, "'Yar nan, dubu goma sha biyu."

Ni na san sun fi haka. Amma hali zanen dutse, sai na yamutsa fuska na ce ai tsohon yayi ne, wa yake jeren samira yanzu, na taya dubu huɗu. Ta ce albarka, amma da ƙyar muryar ta fito. Na juya kamar zan tafi, dabarar da kowaccenmu ta sani. Sai ta kira ni, ta ce, "'Yar nan, kuɗi ne a hannu?" Na ce a hannu. Ta ce jikanta ne kwance kwana uku, mai magani ya ce sai an kawo tsaba, dillaliyar garinsu kuma ta ce sai dai ta karɓa a jira. Tun safe take zaune, duk wanda ya taya sai ya ce ta waya zai tura.

To 'yar'uwa, nan ne wurin da nake so ki tsaya tare da ni. Bayan na ji wannan bayani, me kike tsammani na yi? Wallahi dubu ɗaya na ƙara. Na ce dubu biyar, in ba haka ba na tafi. Ta yi shiru tana kallon kwanukan, sannan ta ce, "Na sallama." Har da taya ni ɗaure su a cikin zanen, ta ce in bar zanen ma, gyara ne.

A mota ina ta murna, Gwaggo na yaba mini, tana cewa jinin ciniki ne a jikina. Sai da dare ina goge su na kifa babbar, na ga ɗigon jan fenti guda uku a gindinta. Na duba sauran, duk haka. Kin san yadda muke yi wa kwanukanmu alama don kada su ɓace a gidan biki. Wato wata rana wannan baiwar Allah ta zauna da tsinke da fenti tana sa wa kayanta shaida don kada su bar hannunta. Daga nan murnar ta koma ciki.

Da safe na kai wa Gwaggo maganar, kuma gaskiya amsar da ta ba ni ba ta banza ba ce. Ta ce, "Ke dai kin cika sa wa kanki damuwa. Sata kika yi? Ƙwace kika yi? Da bakinta ta ce ta sallama. Kuma da ba ki saya ba fa? Da ta koma gida da kwanukanta, yaro ba magani. Ke ce ma kika fid da ita." Ta ƙara da cewa kuɗin da ke hannuna amana ne, na biki ne ba nawa ba, ba ni da ikon yin kyauta da su. Kuma in za a bi ta labarin kowane mai kaya, to ba za a sayi ko allura ba, domin akwai masu ƙirƙiro mara lafiya don su karya zuciyar mai saye.

Duk na yarda da wannan. Tayi ba laifi ba ne. Kasuwarmu haka aka gina ta: mai kaya ya ɗora, mai saye ya rage, a haɗu a tsakiya. Matar aure da aka ba kuɗin cefane ƙididdigagge, in ba ta iya tayi ba tukunyarta ce za ta gaya mata. Ba kuma ina cewa mu riƙa biyan duk abin da aka faɗa ba ne, wannan wauta ce, masu kaya ma dariya za su yi mana.

Amma akwai kalma ɗaya da na yi ta juyawa a raina, ita ce "albarka". Dubi yadda Bahaushe ya tsara abinsa. In tayinki bai yi wa mai kaya ba, ba zai zage ki ba, ba zai ce kin raina shi ba, addu'a zai yi, ya ce albarka, wato ƙara ko ki wuce. Wannan kalmar ita ce garkuwarsa. Muddin yana da halin faɗinta ya kuma tsaya a kanta, to ku biyun kuna kan ƙafafunku, ja ki ja, duk inda aka tsaya halal ɗinki ne. Mai hatsin da muka saya wa gero a ranar sau uku yana ce mana albarka, har muka tafi muka dawo, kuma ban ji komai a raina game da shi ba. Ita kuwa Innar nan ta faɗa sau ɗaya, ta biyu ba ta da ita. Yaro na kwance. Kuma na sani, domin ta gaya mini. Tayina na farko neman farashi ne. Na biyun, bayan na ji halin da take ciki, ban san sunan da zan ba shi ba, amma ba farashin samira nake tayawa ba a lokacin, matsuwarta nake tayawa.

Malamar Islamiyyarmu ta taɓa karantar da mu cewa shari'a ta hana a tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su san farashi. A lokacin na ɗauka magana ce ta fatake da raƙuma, ba ruwan mata. Ashe ko da mutum ya ce ya yarda, ana duba yadda aka samo yardar. Haka kuma Suratul Muɗaffifina, da muke ɗauka ta masu awo ce kawai, masu danne gindin mudu. Abin da ta zarga shi ne mutum ya zama mai ma'auni biyu, na karɓa daban na bayarwa daban. To mu masu saye ba mu da ma'auni biyu? Mu shiga babban kantin zamani mai sanyi, mu ga an liƙa farashi, mu biya ko tari ba mu yi, har mu ce a riƙe canji. Mu fito ƙofa mu tarar da yarinya mai tallan gyaɗa ko tsoho mai kashin yalo, nan ne jarumtarmu za ta motsa, a yi ta ja-in-ja a kan naira hamsin, a kuma nemi gyara. Wanda ya fi mu ƙarfi mu biya shi cif, wanda muka fi ƙarfi mu matse shi. Kuma yawanci mata ne 'yan'uwanmu, mu da muke cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Maganar Gwaggo cewa ni na fid da ita, ita ce ta fi ba ni wahala, don akwai gaskiya a ciki. Dubu biyar ta fi babu. Amma ai ba tsakanin dubu biyar da babu nake zaɓi ba. Akwai sha biyun a jakata, kuma ko a sha biyun na ci riba. Ba sadaka aka nema a wurina ba balle in ce kuɗin amana ne. Kuɗin kayanta ta nema, ƙasa ma da kuɗinsu. Da ƙanwata ta san yadda aka yi, na tabbata ba za ta so a fara mata jere da irin wannan ba, shi ya sa ma ban sa su cikin kayanta ba. Na mayar da dubu biyar ɗin cikin kuɗin biki daga adashina.

A watan Maris kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, abubuwa suka fara sassautawa. Bayan biki na roƙi maigidan aka sake kai ni Wudil, da naira 7,000 a ƙulle a gefen zane. Na je daidai wurin, sai na tarar da wani mai sayar da tsofaffin takalma. Na tambayi na kusa, wani ya ce masu zuwa sau ɗaya irinta ai ba su ƙirguwa, ko sunan ƙauyensu ban tambaya ba balle nata. Na zagaya har la'asar ta yi, ƙanen maigidan ya fara ƙorafin dare.

Samirar suna nan a saman kabad ɗina cikin zanenta. Ran nan wata maƙwabciyata ta gani ta ce kai, irin waɗannan ai sun ɓace, nawa na saya? Na ce mata an daɗe, na manta.