Wa Ke Da Ikon Faɗin Asalin Mutum?

A ƙasar Amurka, tun daga shekarar 1790, kowace shekara goma Gwamnati takan ƙidaya jama'arta. Ba yawansu kaɗai ake rubutawa ba, har da jinsin kowa. To, amma wannan rabo na jinsi bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

A ƙidayar 1890 an kasa baƙar fata kashi huɗu, gwargwadon jinin Turawa da ke jikin mutum, malamin ƙidaya kuwa shi ke yanke hukunci. A 1930 sai aka ce wanda ya haɗa jinin Bature da na baƙar fata, kome ƙanƙantar na baƙin, baƙi ne. A wannan shekara aka mai da 'yan asalin Meziko jinsi dabam, a 1940 kuma aka komar da su cikin farare. Jinin mutanen bai sake ba, ra'ayin masu mulki ne ya sake.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. A 1942 bayanan ƙidaya sun taimaka wajen tattara 'yan asalin Japan, aka tsare su a sansani. Amma kuma da irin waɗannan bayanai ne akan gane inda ake danne wa wani jinsi hakkinsa na zaɓe. Ashe ƙidaya amana ce, sai yadda mai riƙonta ya yi da ita.

Sannu a hankali aka bar wa kowa ya faɗi jinsinsa da kansa, daga shekarar 2000 kuwa yana iya ambatar fiye da ɗaya. Wannan ya fi kusa da adalci, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.