Taimakon Ambaliya: Kyauta Ce ko Hakki?

A daminar 2012 ruwan sama ya yi yawa, aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Kogin Binuwai ya cika ya batse, ya shafe gonaki daga Adamawa har Lokoja. Hukumar NEMA ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. Shugaba Goodluck Jonathan ya ware naira biliyan 17.6 domin agaji. A 2022 masifar ta komo, ta ci rayuka fiye da 600.

Tambayarmu ita ce: kuɗin da gwamnati take ba manomi bayan irin wannan hasara, kyauta ne ko hakkinsa ne?

Da yawa cikinmu muna karɓarsa da durƙuso, kamar wani babba ne ya ciro daga aljihunsa. Amma mu tuna da Yusufu a Littafin Farawa. Kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona ya tara a shekarun ƙoshi, hatsin kuwa manoman Masar ne suka nome shi. Haka baitulmalin ƙasa yake, dukiyar jama'a ce da aka danƙa wa masu mulki amana. Manomi yana ciyar da birni a shekarar albarka, saboda haka adalci ne birni ya tallafe shi a shekarar hasara. Wannan riƙon juna ne Paparoma Yohanna Bulus na II ya koyar a wasiƙarsa ta 1987 kan al'amuran zaman jama'a.

In kuwa hakki ne, abubuwa uku suna biyo baya.

Na fari, ma'aikacin da ya rage buhun taki ko iri, ko ya cusa sunayen danginsa cikin jerin waɗanda ruwa ya ci, ya karya doka ta bakwai. Ikkilisiya tana koyar da cewa furci kaɗai bai isa ba, sai da niyyar mayar da abin da aka ɗauka.

Na biyu ya shafe mu. Wanda ruwa ya ci masa kadada ɗaya ya ce uku ne, ya yi shaidar zur. Kada mu ce ai kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Rabon ƙayyadadde ne, abin da muka ƙara wa kanmu daga bakin wani muka cire shi. Sau da yawa wannan wani gwauruwa ce, ko mai noman gonar aro wanda ba shi da mai tsaya masa.

Na uku, agaji ba ya sauke wa hukuma nauyin rigakafi. An gama Lagdo a 1982, amma madatsar Dasin Hausa da aka tsara a Adamawa don tare ruwan ba ta samu ba har ambaliyar 2022. Mu ma, in an yi gargaɗi mu tashi daga bakin kogi, mu ji.

Me za mu yi a majami'unmu? Sa'ad da masu rubuta sunaye suka zo, dattawanmu su raka su gona gona, su tabbata an rubuta kowa, Kirista da Musulmi, gama ruwa bai tambayi addinin kowa ba. Mu roƙi a karanta jerin a bainar jama'a. Wanda ya samu, ya tuna da maƙwabcin da aka tsallake.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, da zuciya mai gaskiya.