Tsakanin Rufin Asirin Uwa da Haƙƙin Ɗan da ta Haifa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya siffanta mu cikin mahaifu yadda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, babu unguwa a Tanut ko Belbeji, babu ƙauye a faɗin Damargu, da za a rasa yaron da ya sha bamban da tsararsa. Wani ya makara wajen zama da tafiya, wani ya kai shekara huɗu bakinsa bai buɗe ba, wani kuwa a biya masa allo da hantsi, kafin azahar karatun ya zube. Mutane sun rabu gida biyu game da irin wannan yaro: masu cewa ƙaddara ce, a yi shiru, da masu cewa ɗan ruwa ne, ko aljanu suka musanya shi, ko uwarsa ce ta jawo. Tambayar da muke son dubawa ita ce: shin ya dace a binciki dalilin lalurar yaro, alhali binciken yana iya kaiwa ga abin da uwa ta sha lokacin da take da juna biyu, wanda Allah ya riga ya rufa mata asiri a kai?

Mu fara da abin da likitoci suka tabbatar. A shekarar 1968 wani likitan yara a birnin Nant na ƙasar Faransa, mai suna Paul Lemoine, ya bayyana abin da ya gani ga yara 127 waɗanda iyayensu mashaya ne. A 1973 likitoci biyu a Siyatil ta Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka ga irin wannan, suka raɗa wa lalurar suna. Bayaninta shi ne, barasa tana bin jinin uwa ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, hantarsa kuwa ba ta ƙosa ba balle ta tace ta, sai ta taɓa ƙwaƙwalwa tun tana cikin ginuwa. Akan haifi yaron ƙarami, da ƙaramin kai, da gajeruwar tsagar ido, da siririn leɓen sama, kwarin da ke tsakanin hanci da baki kuma ya shafe. Idan ya tasa sai a gan shi da mantuwa, da rashin natsuwa, da kasa hango ƙarshen abin da yake aikatawa. Ba a san wani gwargwado na barasa da aka tabbatar ba ya cutar da ciki ba, shi ya sa tun 2007 Faransa, ƙasar da ta shahara da giyar inabi, ta wajabta sanya gargaɗi ga masu ciki a jikin kwalabe.

Wani zai ce ina ruwanmu da wannan, mu da Allah ya haramta mana giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida? Alhamdu lillahi, shan giya ba ɗabi'ar matanmu ba ce. Amma ƙarancin abu daban, rashinsa daban. Garinmu yana kan hanyar Damagaram zuwa Agadas, mutanenmu suna zuwa ci-rani kudu da arewa, kuma akwai kwalaben tsimi masu ɗaci da ake shigo da su da sunan magani, alhali an jiƙa su ne da barasa; mace na iya sha ba ta sani ba. Ga kuma tramol da maganin tari mai sa maye, waɗanda cutarwarsu ta wata fuska ce, amma su ma suna isa ga ɗan tayi.

A nan ne mas'alar take yin tsauri. Babu wani awon jini da zai nuna wannan lalura ga yaron da ya tasa, kuma mafi yawan yaran da barasa ta taɓa ba su da waɗancan alamomi na fuska. Saboda haka a mafi yawan lokuta likita ba ya iya yanke hukunci sai ya ji daga bakin uwa. Idan ta yi shiru ta tsare mutuncinta, ɗanta kuwa ya tashi ana kiransa dolo ko mai taurin kai, ana dukansa a makarantar allo da lakwal kan abin da ba shi da iko a kansa. Idan ta faɗa, tana tsoron saki da gorin kishiya da bakin duniya. Haƙƙoƙi biyu ne suka yi karo, kuma shari'a ta san da kowannensu.

Rufin asiri asali ne mai ƙarfi. Hadisi ya inganta cewa wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi, an kuma zargi mai wayuwar gari yana tallata zunubin da Ubangijinsa ya rufe masa. Haƙƙin ɗan ciki shi ma tabbatacce ne. A Risala ta Ibnu Abi Zaid an yi wa mai ciki rangwamen ajiye azumi idan ta ji wa abin da ke cikinta tsoro, an kuma ɗora wa wanda ya yi sanadin ɓarin ciki biyan ushurin diyyar uwar. Manzon Allah (S.A.W.) ya jinkirta wa matar nan Bagamidiya haddi har ta haihu ta yaye. Wanda aka ɗage haddi dominsa, lalle ba abin wasa ba ne.

Abin da ya bayyana gare mu, Allah ne mafi sani, shi ne faɗa wa likita gaskiya ba ya cikin tonon asirin da aka hana. Abin da aka hana shi ne kai magana inda ba ta da amfani. Hindu ƴar Utba ta ambaci rowar mijinta Abu Sufyan a gaban Annabi don neman abin da zai ishe ta da ɗanta, bai kuwa tsawata mata ba, kuma daga nan malamai irin su Imamun Nawawi suka ciro halaccin ambaton aibi wajen neman fatawa. Likita ma wurin neman mafita ne. Uwa ta faɗa masa a keɓe, shi kuma maganar ta zama amana a wuyansa, kada ta isa kunnen dangin miji ko maƙwabta. Ta haka asiri ya rufu, yaro kuma ya samu haƙƙinsa.

Masu cewa bincike jayayya ce da ƙaddara, su tuna da Sayyidina Umar lokacin da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Sanin dalili ba ya warkar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu, amma yana sauke bulala daga bayan yaro, yana sa a koya masa kaɗan-kaɗan da maimaitawa da haƙuri, yana kuma tsare cikin da zai biyo baya, domin wannan lalura ce da ake kauce mata gaba ɗaya idan an bar sha.

Masu nuna uwa da yatsa kuwa, su ji tsoron Allah. Dalilan jinkirin yaro a ƙasarmu suna da yawa, kuma mafi yawansu ba laifin kowa ba ne: doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi, shawarar jarirai, zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a Nijar a 1995, tamowa irin ta yunwar 2005, da ƙarancin sinadarin aidin mai kawo maƙoƙo. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400, ta bar wasu da lalurar ƙwaƙwalwa. Wanda ya dubi leɓen yaro a kasuwa ya ce uwarsa mashayiya ce, ya yi shaidar abin da bai gani ba, ya ci naman ƴar'uwarsa. Ko da ta tabbata ta sha, ƙofar tuba a buɗe take, yaron kuma ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani, kamar yadda aya ta 18 ta Suratu Faɗir ta karantar.

Don haka muna kira ga magidanta su bar matansu su je awon ciki, kada su kawo musu kwalbar da ba su san abin da ke cikinta ba. Idan yaro ya makara, a kai shi asibitin Tanut da wuri, in an tura Damagaram a je. Malaman allo su bambance tsakanin mai ƙiwa da wanda ba zai iya ba. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta umarce mu da ciyar da masu raunin hankali da tufatar da su da yi musu kyakkyawar magana, kuma za a tambaye mu a kansu.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriyarmu bisa imani da ƙoshin hankali, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.